Wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi? Shekaruna a gwanjon kayan Tolkien

Guduma ta sauka a kan fam 400, ni kuwa ina zaune a kicin ɗinmu a Birmingham da kwamfuta a gabana, na miƙe zumbur har na kifar da shayi. A zatona na yi tsintuwa. Littafin The Fellowship of the Ring ne, kashi na ɗaya na The Lord of the Rings, kuma kundin gwanjon ya ce fitowa ta farko ce. Na san kwafi 3,000 kacal aka buga a watan Yulin 1954, na kuma san kuɗinsa dubbai ne. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa dillalan littattafai, waɗanda wannan ce sana'arsu, suka bar mini shi da arha haka ba.

Tun ina sakandare a Zariya na fara karanta J.R.R. Tolkien, marubucin waɗannan littattafai, a wani kwafin The Hobbit da bangonsa ya cire a laburaren makaranta. Da aiki ya kawo ni Ingila sai na tarar gidan da muka kama bai da nisa da Sarehole, unguwar da ya yi ƙuruciyarsa bayan an dawo da shi daga Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, inda aka haife shi a 1892. Tsohon injin niƙan da yake wasa a kusa da shi yana nan har yau. Daga zuwa kallon injin niƙa sai shagunan tsofaffin littattafai, daga nan sai gwanjo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Takardar biya ce ta fara wartsakar da ni. A nan gidan gwanjo yana cin la'ada ta fuska biyu, daga mai kaya da kuma mai saye. Aka ɗora mini kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin guduma, aka ƙara kusan kashi 5 saboda ta intanet na yi tayi, ga kuɗin aike. Fam 400 ta haura 530. Duk an rubuta wannan a sharuɗɗan da na danna na amince ban karanta ba.

Da littafin ya iso na buɗe bayan shafin suna, sai ga jerin bugu-bugu, layi bisa layi, na ƙarshe ya ce bugu na tara. A wurin masu wannan harka fitowa daban, bugu daban. Muddin marubuci bai yi wa littafi gyaran da za a kira shi sabuwar fitowa ba, duk sake bugawar da aka yi ana lissafa ta a fitowa ta farko. Kamfanin George Allen & Unwin ya sake buga wannan kashin fiye da sau goma kafin fitowa ta biyu a 1966. Wanda ake rububi shi ne bugun farko na fitowa ta farko. Na koma kundin gwanjon, ashe sun faɗa ƙarara, idona ne ya tsallake. Ba wanda ya cuce ni. Littafin yana nan a kanta, kuma shi nake karantawa idan marmari ya taso, don ba na jin tsoron buɗe shi.

Abin da ya kamata in fara saya, shi na saya na biyu: littafin da Wayne Hammond ya rubuta tare da Douglas Anderson a 1993, wanda ya bi kowane bugu na ayyukan Tolkien dalla-dalla. A ciki na koyi irin ƙananan alamomin da kuɗi ke rataye a kansu. Ɗauki The Hobbit. Ya fito ranar 21 ga Satumba 1937, kwafi 1,500, ana sayar da shi sule bakwai da sisi, kafin ƙarshen shekara ya ƙare. Rigar takardar da aka naɗe shi da ita Tolkien ne ya zana ta da kansa, kore da shuɗi da baƙi. A leɓen rigar na baya an rubuta sunan Dodgson, wato marubuci Lewis Carroll, da kuskure, an ƙara masa harafin e, sai aka bi kwafi-kwafi ana soke harafin da tawada. Yau wannan ɗan ɗigon tawadar na cikin abin da ake fara dubawa. Bugu na biyu ya zo da zane masu launi guda huɗu, kuma ɗaruruwan kwafinsa sun ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Landan a 1940, shi ya sa shi ma yake wuyar samu. A 1951 kuma marubucin ya sauya babi na biyar, inda Bilbo, jarumin labarin, da wata halitta mai suna Gollum ke wasan kacici-kacici, don ya dace da sabon labarin zoben, wato The Lord of the Rings. Wanda ke da bugun kafin 1951 yana riƙe da wani Gollum dabam da wanda duniya ta sani.

Rigar nan ta takarda, wadda mu a makaranta muke yagewa mu yar, sau da yawa ta fi littafin kansa daraja. Saboda haka ake buga ta jabu, ake kuma ɗauko rigar bugu na baya a sanya wa na farko. Yanzu ba na tayi sai na nemi rahoton lafiyar kaya, na kuma roƙi hoton bayan shafin suna, da leɓɓan rigar biyu, da kusurwar da farashi yake (na bugun farko na The Lord of the Rings sule 21 ne kowane kashi, wasu kan yanke wurin idan za su yi kyauta), da taswirar da ke naɗe a ƙarshe. Gidan gwanjon kirki zai aiko. Akwai masu jayayya har a kan wata lamba 4 da ke ƙasan shafi na 49 na The Return of the King, kashi na uku na labarin, ko mai ita ne ya riga fitowa ko marar ita. Ni dai ban kai nan ba, kuma ba na fata.

Babbar asarata ba a littafi na yi ta ba. Wani mai sayarwa a intanet ya sa ɗan ƙyallen takarda, bai fi tafin hannu ba, ɗauke da sa hannun Tolkien, wai daga wata wasiƙa aka yanko. Har da takardar shaida mai hatimi. Na biya fam 600. Uwargida ta juya shi gaba da baya ta ce, "Malam, wannan ɗin ne kuɗin hayar wata?" Na ce ba za ta gane ba.

Bayan wata biyu wani gidan gwanjo ya yi ranar kimanta kaya kyauta, na kai. Matar da ke kula da sashen littattafai ta sa madubi ta duba, ba ta ko kalli takardar shaidar ba. Tambaya ɗaya ta yi: daga hannun wa ya fito? Na ce daga mai sayarwa. Ta ce kafin shi fa? Shiru. Ba ta ce jabu ne ba. Ta ce ba za su karɓa ba, kuma shaidar da mai kaya ya rubuta wa kayansa ba shaida ba ce. Ta ƙara da cewa sa hannun Tolkien na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, tunda an buga hotonsa a littattafai da yawa, kowa na iya zama ya koya.

Da daddare na ba Baba labari a waya, ina neman a tausaya mini. Baba almajiri ne na zaure, duk rayuwarsa a cikin littattafan hannu ya yi ta. Dariya ya yi. "Kai da ka yi Islamiyya? Wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi? Abin da ba shi da isnadi ai labari ne." Na ce, "Haka ne, Baba." Ban sami abin ƙarawa ba.

Daga ranar na fara karanta sakamakon gwanjo da wani ido. A 2008 gidan Bonhams ya sayar da The Hobbit bugun farko fam 60,000, wanda Tolkien ya sa wa hannu ya ba Elaine Griffiths, matar da ta taimaka littafin ya isa ga masu bugawa. A 2015 Sotheby's ya sayar da wani fam 137,000, kusan ninki biyu na ƙololuwar ƙiyasinsu, wanda ya ba Katherine Kilbride, ɗalibarsa a Leeds, da baituka da ya rubuta mata a ciki. Kwatanta da wanda aka tsinta ana kwashe kayan wani gida a Bristol a 2025, ba riga, ba sa hannun marubuci, aka buga masa guduma a fam 43,000. Takarda ɗaya, tawada ɗaya, injin bugawa ɗaya. Ratar da ke tsakani ta riga ce da kuma sunan wanda aka miƙa wa, da sanin hannuwan da littafin ya ratsa.

Manyan kayan ma ba za su taɓa zuwa kasuwa ba. Jami'ar Marquette da ke Milwaukee a Amurka ta sayi rubutun hannu na The Hobbit da The Lord of the Rings daga Tolkien kansa a 1957 a kan fam 1,500. Mafi yawan sauran takardunsa suna laburaren Bodleian a Oxford. Abin da ya rage wa irinmu shi ne wasiƙu, don mutumin ya rubuta su da yawa. Littafin wasiƙunsa da Humphrey Carpenter ya tsara a 1981 yana da 354, kuma zaɓe ne kawai aka yi. Sai dai a nan ma akwai tarko. Bayan kamfanin Ace ya buga The Lord of the Rings a Amurka a 1965 ba da izininsa ba, sannan Ballantine ya fitar da halastaccen bugu, saƙonnin masu karatu suka yi masa yawa har kamfanin da ke buga littattafansa ya sa ma'aikaciya tana taya shi amsawa. Don haka ba duk takardar da ta fito da sunansa a shekarun nan ce ta bi ta hannunsa ba.

Na shekara biyu ina tara kuɗi ina kallo. Sau uku ina shiga tayi ana wuce ni. A nan na lura da wani abu da ya dame ni da farko. Kowane kaya yana da farashin ɓoye da mai shi ya ce kada a sallama ƙasa da shi, kuma sharuɗɗan gidajen gwanjo da yawa sun ba mai guduma damar ya riƙa tayi a madadin mai kaya har a kai wannan farashin. Wato kana iya ganin ana ɗaga kuɗi alhali ba kowa a ɗakin da ke ja da kai. Ni ya yi mini kama da najash ɗin da malamai suka hana, tayin da ba niyyar saye a cikinsa. Su hujjarsu ita ce an sanar tun farko, kuma ba ya wuce farashin ɓoye. Maganin da na samu shi ne in daina kallon abokin ja, in rubuta iyakata a takarda tun kafin a fara.

Wasiƙar da na samu gajeriya ce, an buga ta da tafireta, daga gida mai lamba 76 a titin Sandfield a unguwar Headington ta Oxford, inda ya zauna daga 1953 zuwa 1968. Ga sa hannu da tawada, ga gyaran kalma ɗaya da alƙalami, ga ambulan ɗinta da kan sarki da hatimin gidan waya na Oxford. 'Yar wanda aka rubuta wa ce ta kawo ta gwanjo, kuma sunan mahaifinta ne a ambulan. Hannu biyu kenan tsakanina da marubucin. Na je da kaina ranar duba kaya, na ɗaga ta a haske na ga inda haruffan tafireta suka dulmiya cikin takarda.

Abin da zan iya kashewa gaba ɗaya fam 3,000 ne, sai na yi lissafi da baya. La'ada kashi 25, kuma tunda wasiƙa ce akwai harajin kashi 20 a kan la'adar, wanda littafi ba ya biya. Jimla kashi 30 kenan, don haka iyakata a guduma 2,300. Na zaɓi tayi ta waya don in tsere wa ƙarin intanet. Aka fara, aka haura 2,000, ma'aikacin da ke riƙe da wayata ya ce 2,200, kana ciki? Na ce ina ciki. Da an ƙara taki ɗaya na fita, kuma har yau ina tambayar kaina ko da gaske zan iya yin shiru. Ba a ƙara ba. Na biya fam 2,860.

Ba zan kawo muku abin da wasiƙar ta ce ba. Takardar tawa ce, kalmomin kuwa haƙƙin magadansa ne, sai da izininsu ake bugawa. Na so kuma in kai wa Baba ya gani da idonsa, sai na tarar dokar Birtaniya ta ce rubutacciyar takarda irin wannan da ta haura shekara 50 ba ta fita ƙasar sai da lasisi, komai ƙanƙantar kuɗinta. Ana nema a samu, amma da na tuna gara da ƙurar hunturu da laimar damina, sai na ɗauki hotonta na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallon sa hannun, ya ce mutumin yana da hannu mai kyau. Ita kuma tana cikin akwatin kwali marar asid, nesa da rana da bututun ɗumama ɗaki, tare da rasit da shafin kundin gwanjo da bayanin 'yar mai wasiƙar.

Ƙyallen fam 600 ɗin ma yana nan. Wani abokin harka ya ce in mayar da shi intanet yadda na saya, wani zai ɗauka. Na sa shi a ambulan dabam, na rubuta a baya da fensir, da Hausa da Turanci, cewa ba a san asalinsa ba kuma gidan gwanjo ya ƙi karɓarsa, don kada wata rana yarana su buɗe akwatin su haɗa shi da wasiƙar su kai kasuwa.