Ɗakin shaho: abin da zan gaya wa mai shirin farawa

Ƙannena da ke zaune a nan Ingila, waɗanda kuka ga ana sakin shaho a bikin baje kolin manoma, ya yi shawagi ya dawo kan hannun mai shi, har abin ya shiga ranku, ga shawarata: kada ku biya kuɗin tsuntsu sai ɗakinsa ya tsaya da ƙafarsa, kuma wani tsohon hannu ya zo ya zagaya shi ya ce ya yi. Yawancin lahanin da ke samun shahon ɗan koyo a gida yake samunsa, yana ɗaure ko yana kulle, tun bai taɓa ganin zomo ba.

A Amurka doka ce ke tilasta wannan. Ɗan koyo sai ya samo ubangida da zai tsaya masa, ya ci jarrabawa da maki 80 cikin 100, jami'in hukuma ya zo ya duba ɗakin da kayan aiki, sannan a ba shi izini, ya kuma yi shekara biyu yana koyo. A nan kuwa babu jarrabawa. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kamo tsuntsun daga daji, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 wajibi ne mai kiwon tsuntsu ya yi rajista da hukuma. Ban da wannan, duk mai kuɗi a aljihu zai iya zuwa wurin masu ƙyanƙyasa ya dawo da shaho a kwali. Wannan sauƙin ne ya cuce ni, ya cuci tsuntsuwata fiye da ni.

Shahon Harris na saya, wanda kusan kowa ke farawa da shi saboda haƙurinsa da saurin sabonsa da mutum. Mace ce, kuma a shahuna mace ta fi namiji girma, nauyinta yakan kai kilo ɗaya ko kusa da haka. Da ilimin da na taso da shi na yi mata ɗaki, wato na kiwon kaji da tattabaru: katako, ragar waya ta ko'ina don ta sha iska ta ga waje, ciyawa busasshiya a ƙasa don taushi. Akurki na gina, babba mai kyau, ina alfahari da shi.

Ragar ce ta fara nuna mini kuskurena. Sabon shaho a tsorace yake, da ya ga motsi sai ya zabura ya yi kan haske. In raga ya tarar, zai maƙale a jikinta da farata, ya tura wutsiya cikin ramukan yana dukan waya da fukafukai. Kafin in ankara gashin wutsiyarta sun kakkarye, ta kuma goge fatar da ke saman bakinta har da jini. Manyan gashin fiffike goma ne a kowane gefe, na wutsiya goma sha biyu, da su take juyawa, da su take taka birki. Wanda ya karye ba ya warkewa, sai lokacin zubar gashi, sau ɗaya a shekara. Akwai dabarar sa ƙari, a soka siririn tsinke cikin bututun gashin a haɗa shi da wani da aka adana, amma ɗan koyo ina ya ga ajiyayyen gashi? Sai da na je roƙo. Dattijon da ya taimake ni bai yi mini faɗa ba. Ɗakin kawai ya kalla ya ce, "Kaza ka saya ne?"

Abin da ya dace shi ne bango rufaffe mai santsi a gefe uku, taga a gefe ɗaya, a gitta mata sanduna a tsaye, na gora ko bututun roba, tazararsu ta yi ƙanƙantar da kan tsuntsun ba zai shiga ba. Sandar tsaye ba ta ba shi abin kamawa, in ya faɗa mata zamewa zai yi. In kana son raga saboda mage da ɓera, sa ta daga waje, nesa kaɗan da sandunan. Girman kuma, kada ya gaza mita biyu da rabi a kowane gefe, in ka sami fili ka ƙara, domin fukafukanta a buɗe sun haura mita ɗaya. Ka lulluɓe bangon ciki da abin da ruwa zai wanke, don shaho ba ya sakin kashi ƙasa, harba shi yake yi baya, ya manne a bango.

Ciyawar nan da na shimfiɗa, Allah ne ya rufa asiri aka cire ta da wuri. Ƙasar nan ba ta rabuwa da danshi. Ciyawa, harawa, ɓawon itace da dusar katako, duk suna fumfuna in sun jiƙe, kuma ƙurar fumfunar ce ke shiga huhu da jakunkunan iskar tsuntsu ta haddasa cutar da likitocin dabbobi ke kira asfajilosis. Muguwar cuta ce, ba ta nuna kanta sai ta ci ƙarfinsa: muryarsa ta canja, ya riƙa haki bayan ɗan tashi kaɗan, nauyi ya zube. Ƙananan tsakuwa masu sulɓi ake zubawa, da kauri, ta yadda ruwa zai tsiyaye ka kuma iya wanke su. Kada ɗakin ya yi maƙwabtaka da jujin takin lambu, ko naka ko na maƙwabci.

Sai abin da yake tsayawa a kai. Shaho yana kwana a tsaye, yana wuni a tsaye, duk nauyinsa a tafin ƙafa. Sanda mai santsi da tauri, irin ƙotar tsintsiya da na sa, tana danne wuri ɗaya kullum har ya yi kanta, ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga, ƙafar ta kumbura. In ta yi nisa sai an yi aiki, wani lokaci ma ba ta komawa daidai. Naɗe sandar da ciyawar roba mai tsini-tsini, ka sa mazauni biyu ko uku masu kauri daban-daban, kuma duk ranar da ka ɗauke shi ka leƙa tafin ƙafarsa.

Wanda har yau yake ci mini rai shi ne na sanyi. Shahon Harris ɗan ƙasar zafi ne, asalinsa kudu maso yammacin Amurka da Meziko har zuwa Ajantina. Lokacin horo ana ɗaure shi a turke mai siffar baka, wanda bai fi taƙi biyu daga ƙasa ba. Da rana babu laifi. Ni kuwa na bar ta a kai ta kwana cikin hunturu, bayan ta yi wanka da yamma gashinta bai gama bushewa ba. Iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, can inda tsuntsuwar take. Da safe na tarar ta saki fukafukai, ƙarshensu ya kumbura, ya yi sanyi, da ƙuraje masu ruwa. Wannan ciwon sananne ne ga masu Harris a ƙasar nan, ya fi kama 'yan shekarar farko, kuma in aka yi sakaci bakin fiffiken bushewa yake yi ya guntule, shi ke nan ta gama tashi. Likita ya ceto tawa da ɗumama da magani, amma kakar farautar shekarar ta wuce mu. Daga Oktoba zuwa Afrilu, kada shaho ya kwana kusa da ƙasa. Ka sa shi a mazauni mai tsayi a cikin ɗaki, ko a akwatin kwana, wanka kuma da hantsi, don ya bushe kafin rana ta faɗi. Tagar ma ka ba ta baya ga kudu maso yamma, ta nan iska da ruwan ƙasar nan suka fi kaɗowa, ka fuskantar da ita inda hasken safe zai shigo.

Rufi dole ne ya rufe wurin kwana gaba ɗaya, kuma da murar tsuntsaye da ke yawo a 'yan shekarun nan, gara kada kashin tsuntsayen waje ya sami hanyar faɗowa ciki ko cikin ruwan wankansa. Yanyawa kuma ta cika garuruwan Ingila, tana haƙa ta ƙarƙashin bango, don haka a binne raga mai ƙarfi a gindin ginin. Shahon da ke ɗaure ba shi da wurin gudu.

Ka yi wa ɗakin ɗan zaure mai ƙofa biyu: ka shiga, ka rufe ta waje, sannan ka buɗe ta ciki. Wasu na ganin ɓarnar katako ne. Tsuntsun da ya kuɓuce da igiya da maɗaurin ƙafa a jikinsa yakan sarƙe a reshe ya mutu a rataye, kansa a ƙasa. Zauren nan ne kuma wurin ajiye sikeli, tunda kullum sai ka auna shi ka rubuta, da safar hannu da sauran tarkace. Firizar 'yan tsaki da salwa, wato abincin shahon, ka sayi tata daban. Ban yi haka ba da farko, uwargida ta buɗe tana neman nama ta tarar da 'yan tsaki ɗari a jere, kuma ban ji da daɗi ba.

Ka yi magana da maƙwabta da mai gidan da kake haya tun kafin ka kafa ƙusa. Harris da aka raba da iyayensa da wuri yakan zama mai ihu, daga asuba har magariba, don haka nemi wanda iyayensa suka rena har wata huɗu ko fiye. Ka sa kwaɗo mai kyau a ƙofa, ana satarsu.

Tsuntsun nan yana iya shekara ashirin a hannunka, kuma ba ya zaman mako ɗaya babu mai duba shi. Mu da muke tafiya gida ganin iyaye, ko Umara, ko biki, dole mu san wanda za mu bar wa mabuɗi, mutumin da ya iya ƙulla igiyar da hannu ɗaya, ya san nauyin da ya kamata ta tsaya a kai. Ni dattijon nan nake kai wa tawa, in kai masa 'yan tsakinta da littafin awonta, shi kuma in zai yi tafiya ya kawo mini nasa guda biyu.