Layi Ɗaya, Mota Iri Uku: Darasi Daga Masana'antun Jamus

A masana'antar BMW da ke Munich, tun 2021 motar lantarki i4 take bin layin haɗi ɗaya da motocin fetur da masu amfani da fetur da batir tare. Volkswagen kuwa ta mayar da masana'antarta ta Zwickau ta lantarki zalla, ta sallami motar mai ta ƙarshe a 2020. Da buƙatar motocinta na lantarki ta ja baya a 2023, shekarar da gwamnatin Jamus ta janye tallafin masu sayen motar lantarki, Zwickau ta rage aiki, don ba ta da wata hajar da za ta cike gurbin. Layin gauraye ya fi wuyar sarrafawa, amma duk inda kasuwa ta karkata yana iya bin ta.

Sai dai wannan sassauci na tsarin layi ne kawai. Ƙa'idar aiki ba a taɓa ta.

Ɗauki wurin da ake ɗaura batir. Nauyinsa kan kai kilo 500, daga ƙasa ake ɗaga shi zuwa cikin motar, ma'aikaci kuma ba shi da lokacin tsayawa tunanin wace mota ce ta iso gabansa. Saboda haka na'urar ɗaure noti ce ke karanta lambar motar, ta zaɓi ƙarfin ɗaurin, ta ajiye sakamakon. Idan noti ɗaya ya yi sako-sako a mahaɗar tagulla, wuta za ta riƙa cijewa a wurin, zafi ya taru, roba ta narke. Ido ba ya ganin wannan a ranar, sai motar ta yi watanni a hannun mai ita. Kuskure ƙarami cikin batir ne, wato yagewar ɗan harshen ƙarfe da naɗewar takardar da ke raba ɓangarorin batir biyu, positif da negatif, ya sa General Motors ta nemi a dawo da duk motocin Chevrolet Bolt don gyara a 2021.

Ga mai taɓa wayoyi masu ruwan goro, wato masu ɗauke da babbar wutar motar lantarki, a masana'anta ko a gareji, matakan ba sa canzawa, domin volt 400 ne ko 800 ke bi ta ciki. A kashe mota, a sa safar hannu mai jure volt 1,000, a zare filogin da ke yanke wutar batir, a jira mintunan da kamfanin ya ƙayyade don ragowar caji ya sauka. Sannan a auna da mita, a tabbatar babu sauran wuta. Ita ma mitar sai an gwada ta kafin awo da bayansa, don matacciyar mita ma sifili take nunawa.