Ashe ba ƙura ba ce a jikin bishiyar Baba

Asabar, da dare. Fadaman Mada, Bauchi.

Kwana huɗu ke nan ina goge tayil ɗin falo yana sake yin danƙo, a wuri ɗaya tak, ƙarƙashin bishiyar nan da marigayi Baba ya bar mana a babbar tukunyar siminti. Masu sayar da fulawa fikus suke ce mata, dangin cediya da durumi ce, ganyenta ƙanana masu sheƙi. Yanzu kanta ya kusa taɓa silin. Da farko yara na zarga da zubar da lemo. Yau da safe sai na ga layin kiyashi ya taso daga bakin taga, ya bi jikin tukunyar ya haye sama.

Na juya ganye ɗaya, gabana ya faɗi. Wasu ƙuraje ne ruwan ƙasa-ƙasa jere a kan jijiyar ganyen, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, kamar ɓawon ciwo. Haka a rassa. Na sa farce na kankare ɗaya, ya fita, cikinsa da laima. Abu mai rai ne, kuma watanni ina wucewa ta gefensa ina cewa ƙurar hunturu ce.

Inna ta shafa ganyen ta murza yatsunta, ta ce, "Wannan ai darɓa ce, irin ta dawa." Ta kusa gaskiya. Na tsinki reshe na kai wa dattijon da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi, kan hanyata ta kasuwar Wunti. Ya ce, "Hajiya, ƙwarin nan zaune suke shan ruwan bishiya." Macen idan ta girma sai ta kafa baki a wuri guda, ta lulluɓe kanta da ɓawo mai kama da kakin zuma, ba ta ƙara motsi. Abin da take fitarwa mai zaƙi shi ne danƙon da ke ɗiga min a tayil, shi kiyashi ke bi, har suna kare ta daga ƙwarin da za su cinye ta. A kan danƙon kuma baƙar fumfuna ke fitowa kamar kunkunniya, ta hana ganye samun haske. A waje ruwan sama na wanke bishiya, akwai kuma masu cin ƙwarin. A falo babu ko ɗaya, shi ya sa suka miƙe ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwai. Suna ƙarƙashin ɓawon, feshi ba ya isa gare su, sai sun ƙyanƙyashe 'ya'yan sun fara rarrafe sannan magani ke kama su. Ke nan aikin ba na yini ɗaya ba ne.

Bayan la'asar ni da ƙanena muka ja tukunyar zuwa baranda da ƙyar. Na yanke rassa uku da suka fi lalacewa, na ƙulle a leda. Farin ruwan da ke fita daga yankan yana sa ƙaiƙayi, sai da na sa safar hannu. Daga nan ganye bayan ganye, da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulun wanke-wanke, inda suka yi kauri kuma auduga da sifirit. Na sama sai da na hau kujera. Ƙanena ya ce, "Yaya, ki sare ta kawai mu sayo wata." Ban amsa masa ba. Na tuna Baba da ƙyallensa duk ranar Juma'a yana goge mata ganye kafin ya tafi masallaci.

Da rana ta yi sanyi na haɗa ƙaramin cokali ɗaya na man dogon yaro a lita 1 ta ruwa da ɗigon sabulu, na fesa sama da ƙasan ganyen. Ba a fesawa cikin zafin rana, yana ƙona ganye. Ƙananan shuke-shuken da ke kusa da ita na raba su, ɗaya ma na ga ƙuraje biyu a jikinsa.

Na san za ta zubar da ganye saboda an motsa ta, halinta ne. Na rubuta a kalanda: feshi duk Asabar har sau 4. Gobe in Allah ya kai mu zan toshe ramin da kiyashin ke fitowa a bakin tagar.