Motar gudu da taya 'yar gwanjo

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya kawo mini motar da ya saya, Mercedes C350 'yar Amurka, wai in sa mata albarka. Ya buɗe ƙofa in ga kujerun fata, ya taka totur in ji kukan salansar da ya canza, ya nuna mini rim mai inci 20 da ya ce daga Dubai aka kawo. Ni kuwa hankalina na kan tayoyi, sai na tsuguna. Ta gaban dama kamfaninta daban, ta hagu daban, na baya biyun kuma ɗauke da hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a tsakiya. Na ce, "Waɗannan fa?" Ya ce, "Kawu, Beljiyam ne masu kyau. Dubi zanensu, ko hanya ba su taka ba." Washegari kuma zai kama hanyar Abuja da abokansa.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai maganar ta maƙale mini, domin abin da ya faɗa shi na taɓa faɗa wa ƙanena, kusan kalma da kalma.

Tawa BMW 335i ce, mai turbo biyu, ƙarfin doki wajen 300, kuma duk ƙarfin nan tayoyin baya ke ɗauka. Ta zo da 225/40 R18 a gaba, 255/35 R18 a baya, wato na baya sun fi faɗi, ba a musanya su da na gaba. Irin tayar nan ce da ake iya ci gaba da tafiya a kanta bayan ta sace, kamar kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, shi ya sa motar ko safaya ba ta da ita. Duk wannan ban sani ba lokacin da na saya. Na san lambar injin, na san sakan nawa take ɗauka ta kai 100, ina faɗa wa mutane a majalisa, amma rubutun da ke gefen taya ban taɓa tsugunawa na karanta ba.

Da na baya suka suɗe, na je shagon sababbi aka faɗa mini kuɗin guda biyu, na fito ban yi sallama ba. A nan ina so a yi mini adalci. Shekarar 2016 ce, Naira ta faɗi, dala ta yi tashin gwauron zabo. Michelin sun rufe masana'antarsu ta Fatakwal tun 2007, Dunlop suka bi baya a Legas a 2008, don haka taya ta koma kayan waje, farashinta na bin dala. Ga kuɗin makarantar yara, ga gini da na ɗauko. Kuma wa na sani da ke sayen sabuwar taya a lokacin? Manyan mutane da na fi ganin girmansu, Beljiyam suke sawa suna zuwa Legas su dawo lafiya. Ban ga abin da zai sa ni kaɗai in zama saniyar ware ba.

Amma wannan rabin gaskiya ce. A watan da na ce ba ni da kuɗin taya, na sa wa motar baƙin gilashi da sabuwar rediyo. Kuɗin da na kashe a kansu da ya kusa sayen taya ɗaya. Abin da mutane za su gani na zaɓa, na bar wanda ke riƙe da raina.

Mai tayar da na je wurinsa ya mirgino mini guda biyu, baƙaƙe wul suna sheƙi, zanensu zurfi har yatsa na shiga. Ya ce daga Jamus suke. Ban yi musu ba, don ƙila ma gaskiya ya faɗa. Ƙanena da ya raka ni ya ce, "Yaya, anya motar nan ta irin wannan taya ce?" Na ce masa ya dubi zane. Na biya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sababbi, na tafi ina jin na iya ciniki.

Cikin watan Afrilu, da rana tsaka, muna kan hanyar Kano zuwa Zariya, allura ta haura 150. Na fara jin wata 'yar girgiza daga baya, na ɗauka hanya ce. Sai ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya kwashe, sitiyari ya daina jin maganata. Na taka birki da ƙarfi, abin da bai kamata ba ke nan. Muka juya, muka bar kwalta, muka tsaya a cikin gona bayan gefen da ƙanena yake ya daki tudu. Allah ya kiyaye babu tirela a bayanmu, babu mai babur, babu yara a bakin hanya. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Ƙanena ya karye a kafaɗa, kuma har yau ba ya iya ɗaga hannun damansa sama sosai. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Wani dattijo mai faci a ƙauyen da ke kusa shi ya ɗauko ɓallen robar da ya rabu da jikin tayar. Ya lanƙwasa shi da hannu, sai ga ƙananan tsage birjik a cikin ramukan zanen, waɗanda man da aka shafa ya ɓoye. Ya goge gefen tayar da tsumma, ya nemo inda aka rubuta DOT, ya ɗora farce a kan lambobi huɗu na ƙarshe. Ya ce, "Alhaji, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan ta girmi ɗanka na firamare." Sannan ya nuna mini hoton dutsen nan da ƙanƙara, ya ce ta ƙasar sanyi ce. Daga baya na gane an haɗa robarta ne don ta yi laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ni kuma na ɗora ta a kan kwaltar da ba a iya takawa da ƙafa a watan Afrilu. Na ce, "Baba, ai zanenta bai ci ba." Ya ce zane ba shi ne lafiyar taya ba, wasu ma da wuƙa mai zafi ake sake sassaƙa shi.

Na daɗe ina kare kaina da cewa harafin da ke jikinta H ne, wato an yi ta don gudun 210, ni kuwa ban kai nan ba. Har yanzu wani lokaci zuciyata na raya mini cewa tsautsayi ne kawai, ko sabuwa ce za ta iya fashewa. Haka ne, ƙaddara ba ta wuce ranarta. Sai dai 210 ɗin nan na sabuwar taya ce mai cikakkiyar iska, ba ta wadda ta shekara takwas, aka cusa ta cikin wata tayar a kwantena, ta kwana a rana a bakin shago ba. Kuma ban tuna ranar ƙarshe da na sa geji a kanta ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, ku samari, amma da na duba sai na ga ba su da yawa.

Idan ba ka da kuɗin tayar motar, ba ka da kuɗin motar. Sayar da ita ka sayi Corolla, babu abin kunya. Duk ƙarfin injin nan da kake taƙama da shi, da birkin, da kwamfutar da ke hana santsi, ta wuri huɗu suke taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannunka ba.

Buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Girman taya da yawan iska suna nan, kamfani ya riga ya yi maka lissafi. Sannan ka dubi lamba da harafin da ke bin girman, misali 94W. Lambar nauyi ce, 94 na nufin kilo 670 a kan taya ɗaya. Harafin gudu ne: V 240, W 270, Y 300. Kada ka sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi, ko da ba ka taɓa kai wa wannan gudun ba, domin tayar da aka yi don babban gudu ta fi jure zafi, kuma zafi ne ke kashe taya a ƙasar nan. Ban san me ya sa za ku iya haddace duk wani abu na sabuwar waya ba, amma lambobi biyu da harafi ɗaya su gagare ku. Awa nawa kuke yi kuna ɗaukar motar bidiyo kuna ɗorawa a TikTok? Tsugunon minti ɗaya ya fi ƙarfinku?

Tayoyi biyun da ke gefe da gefe, wato na gaba biyu ko na baya biyu, su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. Idan biyu kawai za ka iya saya kuma girman gaba da baya ɗaya ne, sababbin su tafi baya, domin idan baya ya kwashe a gudu ko cikin ruwan sama, ba kowa ke iya dawo da mota ba. Mai 4MATIC ko xDrive kuwa, wato Mercedes ko BMW da injinta ke tura duka tayoyi huɗu, huɗun ya kamata su yi kusa da juna a ci, in ba haka ba akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne zai sha wahala, kuma gyaransa ya fi tayoyin tsada.

Kada ka sayi Beljiyam. Tsohuwar taya ma tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, ko da kasuwa ta cika da ita. Na faɗa, kuma ina nan a kai. To amma ba zan ɓoye ba, idan aka ajiye mini taya 'yar hannu ta sanannen kamfani, mai shekara biyu, ba faci a gefe, ba kumburi, ba alamar ƙanƙara, aka ajiye kusa da ita wata sabuwa mai sunan da ban taɓa ji ba wadda ta shekara shida a sito, ta farko zan ɗauka. Sabuwa ma a duba mata shekara. Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, tana cewa shekara huɗu, Michelin na cewa a riƙa dubawa duk shekara bayan biyar, a cire a goma ko da zane bai ci ba. A zafin Sakkwato da Maiduguri ni ina bayan mai cewa huɗu.

Rim mai inci 20 kuma, don Allah wa kuke burgewa? Robar gefenta ba ta kai yatsu uku ba, rami ɗaya tsakanin Kaduna da Abuja ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim ɗin, kuma tayar da ta kumbura a gefe ba ta da gyara, ko mai faci ya rantse maka. Ga wasan mota da kuke yi a wurin ɗaurin aure, kuna ƙona roba har hayaƙi ya rufe mutane, gobe ku ɗauki iyayenku a kan tayar ku hau babbar hanya.

Na ce ku bi abin da kamfani ya rubuta, alhali ni kaina bayan an gyara motar sauka na yi zuwa inci 17, girman da shi ma samfurin ke zuwa da shi, na kuma bar irin tayar da ake tafiya a kanta bayan ta sace, saboda samunta a nan wahala ne kuma masu faci da yawa ba su da injin cire ta. Wanda zai yi haka dole ya sayi safaya da jak da abin kwance noti ya ajiye a but, ya kuma sayi geji nasa na kansa, ya riƙa auna iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi. Gejin bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa, wani mai facin ma da dukan ƙarfe yake aunawa ya ce maka ta yi.