Zuwa Jaje Maiduguri Bayan Ɓallewar Madatsar Alau

Mako uku na yi ina ɗage tafiyata zuwa Maiduguri, kuma ba kuɗin mota ne ya riƙe ni ba, bakin mutane ne. Tun daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar garin 10, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka cikin birnin, duk wanda na furta wa niyyata sai ya dube ni kamar na ce zan faɗa rijiya. Sana'ata sayar da huluna ce a Kano, kuma shekara da shekaru wani dattijo mazaunin unguwar Gwange ne yake tara mini kaya daga hannun masu ɗinki. Da na ji ruwa ya ci gidansa, na san cewa jaje ta waya ba zai fitar da ni kunyarsa ba.

Abin da ake faɗa ba ƙarya ba ce. Ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a, ya shafe gadoji har birnin ya rabu biyu. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, mafi yawan dabbobin suka mutu, aka kuma gargaɗi jama'a game da kadoji da macizai. Katangar gidan yari ta rufta, hukuma ta sanar da tserewar fursunoni 281. Abin da na lura da shi shi ne, a bakin mutanen Kano labarin ya tsaya cak a ranar farko: bayan kwana ashirin, hoton bidiyon nan guda na mutane suna ratsa ruwa iya ƙirji da kaya a ka shi ne yake ta zagaya wayoyi ta WhatsApp, kuma duk wanda ya same shi yau sai ya ɗauka yau aka yi.

Mahaifiyata ce ta fi kowa kafewa. Ta ce, “An ce kadoji na nan suna yawo a kan titi.” Na ce, “Hajiya, wa ya ce?” Da muka bi salsalar maganar, sai ta tashi daga maƙwabciya zuwa ƙanwar mijinta, daga nan zuwa wata mata da ta ji a gidan suna, wadda ita kanta ba ta taɓa wuce Wudil ba. Ban yi musu da ita ba, domin tsoron uwa ba da hujja ake kawar da shi ba. Washegari na tafi tashar mota na nemi direban da ya kwana a Maiduguri jiya, ba shekaranjiya ba. Na same shi yana duba tayoyi. Bai yi mini dogon bayani ba; ya lissafa mini gadar da ake hawa da wadda ake kauce wa, ya ce motarsa tana zuwa cike da buhunan abinci da tabarmi na masu kai gudummawa, amma fasinja sai an yi da gaske kafin a cika kujeru. Wannan maganar na kai wa Hajiya, ta yi shiru, sannan ta sa mini albarka.

Mun tashi bayan sallar asuba a makon farko na Oktoba, muka bi ta Wudil da Jama'are. Kusa da Azare direba ya rage gudu a wurin da ruwan watan Agusta ya yanke titi, fasinjoji suka yi ta leƙe ta taga. Potiskum muka ci abinci, Damaturu muka yi sallah a gaggauce, saboda kowa ya san ba a son yamma ta riski matafiyi tsakanin Benisheikh da Auno. A cikin motar mutum biyu ne kawai suka ga ambaliyar da idonsu, kuma su ne suka fi kowa ƙarancin magana. Wani matashi da ke bayana, wanda rabonsa da garin tun babbar sallah, shi ya yi ta zuba labarin gawarwaki da macizai har wata baiwar Allah ta ce masa, “Ɗana, ka bari mu isa tukuna.”

Ta mashigar Njimtilo ban ga wata alamar ruwa ba. Masu Keke Napep suna ta kai-kawo, masu shayi sun kafa tebura, har na fara zargin an zuzuta abin. Wannan zargin bai kai ni Gwange ba. Wari ne ya fara tarbata, warin laka da ruɓaɓɓen hatsi, sannan na ga layin: zane mai ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magini, ya bi bangon kowane gida da kowane masallaci a tsayi ɗaya, kuma a lungun dattijon nan ya fi tsayina. Gidajen ƙasa sun zauna, an jingina kwanon rufinsu a gefe. Katifu suna shanye a kan katanga, littattafan yara sun kumbura sun manne da juna.

Na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗakin da ya rage. Bayan mun gaisa na yi masa jaje, ya ce, “Alhaji, ka zo da kanka?” Ya sa jikansa ya jawo wani buhu ya zazzage a gabana: huluna ne na hannu, kowace ta ci makonni ana ɗinkinta, jan zare ya zuba a kan fari, shuɗi ya koma toka, wasu sun yi furfurar danshi. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini wadda ta ɗinka kowace. Ya ce ya ga ambaliyar 1994, wadda ita ma daga Alau ta zo, amma ba ta kai wannan ba. Abin da ya fi damunsa a ranar kuwa ba hulunan da suka lalace ba ne; masu ɗinkin sun koma aiki, wasunsu ma daga wuraren da aka tsugunar da su, amma 'yan sari daga Kano da Jos da Yola sun ɗauke ƙafa, kowa ya kira sai ya ce ya ji gari bai kwanta ba.

Da na tashi yin alwala ne ya riƙe mini hannu, ya ce kada in kusanci ruwan rijiyar, kuma kada in sha komai sai ruwan leda. A kwanakin ne gwamnatin jihar ta tabbatar da ɓullar kwalara, domin ambaliyar ta haɗa masai da rijiyoyi. A duk gargaɗin da na sha a Kano, babu wanda ya ambaci wannan. Labarin kadoji ya fi daɗin bayarwa a majalisa fiye da na ruwan rijiya. Kwana biyu na yi, na sayi abin da ya samu na sabon ɗinki, na biya nan take maimakon bashin da muka saba.

Da na dawo, Hajiya ta fara tambayata ko na ga kadojin. Na ce ban gani ba, sai dai layin da ruwa ya bari a bango, wanda ya fi tsayina, kuma haka na faɗa wa duk wanda ya tambaye ni a kasuwa. Bayan mako guda ina zaune a rumfa wani ɗan sari ya zo, na ba shi shawarar ya je Maiduguri saro kaya tun da farashi bai tashi ba. Ya girgiza kai ya ce shi da can sai bayan damina mai zuwa, domin an gaya masa wani mai huluna ya je kwanan nan ya tarar da ruwa ya fi tsayinsa.