Daƙiƙun da aka yanke a ƙarshen Rockford

Har yanzu raina bai huce ba a kan wani kwafin fim na intanet da aka datse ƙarshensa. Muna da wani zama da matasa masu koyon rubutun fim, aka ce in kawo misalin labarin mai bincike mai zaman kansa, ni kuwa ban yi wata-wata ba na ɗauko The Rockford Files, shirin da tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1974 zuwa 1980. Kashin da na zaɓa shi ne "So Help Me God" na 1976, wanda Juanita Bartlett ta rubuta. Ana kallo ina fassara musu da baki.

Gabatar da Jim Rockford bai ba ni wahala ba. Tsohon fursuna ne da ya yi shekara biyar a kurkukun San Quentin kan laifin da bai yi ba, aka yi masa afuwa, yana kwana a gidan tirela a bakin teku a Malibu, yana karɓar dala 200 a yini ban da kuɗin ɗawainiya. Nan take suka so shi, musamman yadda James Garner ke fito da shi, mutum mai gudun faɗa.

Sai dai wannan kashin ba na tseren mota ba ne. An aiko wa Rockford sammaci ya bayyana gaban kwamitin tantance tuhuma na tarayya, kan ɓacewar wani jami'in ƙungiyar ƙwadago, Frank Sorvino. Kwamitin talakawan ƙasa ne, mutum 16 zuwa 23, suna zama a asirce. Babu alƙali a ɗakin. Lauyarsa Beth Davenport ba ta da ikon shiga, sai dai ta jira a waje. Mai gabatar da ƙara, wanda William Daniels ya fito a matsayinsa, shi ke juya zaman yadda ya ga dama. Rockford ya ce bai san komai ba, aka ƙi yarda, ya nemi kariyar gyara na biyar na tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba mutum damar ƙin ba da shaidar da za ta ɗaure shi, ƙarshenta dai ya tsinci kansa a kurkuku bisa raina kotu, ba tare da an tuhume shi da laifin komai ba.

Ainihin kashin yana rufewa da rubutu a kan allo, mai bayyana cewa irin wannan cin zarafi da aka nuna, dokokin lokacin sun halatta shi. Saboda wannan rubutun na zaɓe shi! Wanda ya ɗora kwafin a intanet ya datse shi, fim ya ƙare, allo ya yi baƙi.

Wani yaro ya ce, "Malam, ai wannan ƙari ne irin na 'yan fim. A Amurka a hana mutum lauya?" Sauran suka goya masa baya. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, na ce doka ta yarda a tsare mai ƙin ba da shaida har tsawon zaman kwamitin, iyaka wata 18, amma maganata ce kawai. Abin da Bartlett ta gina, tana ta tara wa mai kallo haushi don a ƙarshe a ce masa gaskiya ne, duk ya rushe saboda 'yan daƙiƙu. Muhawarar da na so mu yi kan yadda ake saka batu mai nauyi cikin shirin nishaɗi ta koma gardamar ko ƙarya ne.

Duk wanda zai nuna tsohon shiri irin wannan, ya kalli ainihin kwafin da zai kunna tun daga farko har sunayen ma'aikata su gama wucewa, ko da ya haddace labarin. Masu ɗorawa suna yanke kai da gindi don rage nauyi. Kuma a yi bayanin kwamitin kafin a kunna, domin tsayar da fim a tsakiyar jawabin da Rockford ya yi wa mai gabatar da ƙara kashe shi ne.

Na samo cikakken kwafi daga baya na tura musu. Yaron nan ya kira ni da kansa ya ce ya gani, har yana tambaya ko an gyara dokar. Na ce masa har yau lauya ba ya shiga ɗakin kwamitin tarayya tare da mai shaida. Da yawansu kuwa ba su ko buɗe saƙon ba, kuma wannan ne ke ci mini rai.