Balad ta Jidda, Inda Nake Saro Kayan Shagona

Shagona yana Fagge, kuma ni da yarana uku muna sayar da turaren wuta, almiski, darduma, carbi da jallabiya. Mafi yawan kayan nan daga Balad nake saro su, wato tsohuwar unguwar Jidda da ke bakin Bahar Maliya. Aikin yana farawa ne tun daga Wapa, inda nake canja naira zuwa riyal, kuma da yake riyal a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 ga kowace dala, duk ranar da naira ta faɗi, sai jarina ya ragu tun ban taka jirgi ba.

Na yi shekaru ina shiga Kasuwar Alawi idona a kan farashi kawai, har ranar da wani dattijo mai sayar da itacen turare ya rufe shago don sallar La'asar, ya ja ni zuwa Masallacin Shafi'i, yana nuna mini gidajen da muke wucewa. An gina su da duwatsun murjani da aka haƙo daga bakin teku, wasu hawa huɗu, wasu biyar, an kuma yi musu tagogin katako masu sassaƙa da suke kira rawashin, waɗanda iska take ratsawa ba tare da mai wucewa ya ga na ciki ba. Katakon ma a jirgin ruwa ya zo, domin ƙasar ba ta da irin wannan itace. A nan na gane cewa fatauci ne ya gina unguwar, tun daga lokacin da Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, har zuwa buɗe mashigin Suwez a 1869, wanda ya ƙara wa attajiranta arziki.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai shi ne Baitu Nasif, wanda aka kammala a 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa ƙasar Saudiyya, ya sauka bayan ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiyar darbejiya irin wadda muke sha inuwa a ƙarƙashinta a Kano. Ganuwar garin kuwa, wadda aka gina a farkon ƙarni na 16 don tare Turawan Fotugal, an rushe ta a 1947, sai ƙofofi irin Babu Makka da aka sake ginawa. Duk sanda na tsaya a wurin, badalar Kano nake tunawa, da yadda ake yankar ta ana gini a kai, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Tun da UNESCO ta sanya Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, gyare-gyare sun yawaita, wasu 'yan kasuwar da na saba da su kuma sun tashi daga lungunan da na san su. Yanzu kafin in tafi sai na yi waya na tabbatar da inda kowa ya koma. Idan na gama sari, masu kago suke auna kayan da kilo, su sauke mini su a filin jirgin Malam Aminu Kano, ni kuma in riga su dawowa domin in shirya kuɗin kwastan kafin kasuwar azumi ta buɗe.